Ɗigon Asuba

Kwana tara famfon gidanmu bai ce uffan ba.
Na murɗa shi bayan sallah, ya yi tarin iska, ya yi shiru.
Sai ga motar da na saya da kuɗin ajiye aiki,
tsohuwar farar nan da ta sha hanya daga Kwatano,
tana ɗigar da ruwa ta salansa, ɗis, ɗis,
a kan yashin ƙofar gida, nan Garin Malam.

Na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara.
Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli,
ban taɓa leƙa ƙarƙashin ƙarfe ba.

Cima ta leƙo daga zaure, mayafi a kafaɗa:
"A Damagaram, inda ake lallashin ɗan ga-ruwa kamar suruki,
kai ka samo mai zubar da shi a ƙasa?
Bari in kawo kwano."

Tela Ɗan Azumi ya ce mai ruwa-ruwa ya cuce ni,
ya sirka man kwalba da na rijiya.
Mai shayi ya ce a'a, inji ne ya tsage,
haka ta yayansa ta fara,
yau kaji ke ƙwai a kujerar baya.
Na tsaya ina ƙirga jaka-jaka a zuci,
na sayar da ragon layya tun ban saye shi ba.

Na lallaɓa da ita har bayan Kasuwar Dole,
gurin Mutari, wanda na taɓa kora daga aji
don ya kwance agogon makaranta.
Muna isa ɗigo ya ɗauke,
kamar yaron da ya kwana yana zazzaɓi
ya ga likita ya fara dariya.
Mutari ya ce, "Malam, koma gida.
Ciwon asuba da asuba ake duba shi."

Ya zo kuwa, a kan babur, hula har kunne.
Na tayar da ita. Ɗis.
Ya tara yatsa, ya shinshina, ya murza.
Ya zaro sandar mai, ya ɗaga ta ga hasken gabas:
baƙi ne, bai yi fari kamar an zuba nono ba.
Ya buɗe lagireto, ruwa na nan inda ya kwana.

"Wuta ma tana haihuwar ruwa, Malam.
Mai ya ƙone, tururi ya fita,
ya tarar da bututu ya kwana cikin sanyi,
sai ya koma abin da yake.
Tambayi Inna Cima murfin tukunyarta.
In ta yi ɗumi ya daina, lafiya lau ce.
Ranar da ka ga farin hayaƙi mai kauri ya ƙi tsayawa,
yana ƙamshi zaƙi-zaƙi,
lagireto na rama ba dalili,
to, wannan rana ka kira ni, ko ina cikin barci."

Na miƙa kuɗi, ya noƙe kafaɗa.
Shayi kawai ya sha, a tsaye.

Da ƙarar babur ta ɓace na tuna allo:
rana a kusurwa, kibiya ta hau, gajimare, kibiya ta sauko.
Sau nawa na zana wannan?
Har na ba da sifili a kansa.
Ga shi ya zo ƙofar gidana cikin kayan ƙarfe,
na kasa gane shi.

Famfo dai shiru, kwana goma ke nan.
Amma yanzu kullum in na tayar da mota
wani ƙadangare na saukowa daga katanga,
ya tsaya daga nesa da hayaƙi, yana gyaɗa kai,
yana jira in tafi.
Shi ya riga ni yarda.