Tanderu

Ni ne kumsarin Tanderu,
karen mota, in da Hausar kakana zan faɗa.
Daga Mayo zuwa Suk Arabi,
sawu shida a yini in Allah ya yarda,
huɗu in giya ta ƙi shiga.

Ba mu muka raɗa mata suna ba.
An kawo ta da tagogi a liƙe,
wai sanyi daga rufi zai sauko.
Ya sauko wata bakwai,
sai ya koma inda ya fito, ko sallama babu.

Usta Dafa'alla ba ya yarda a zage ta a gabansa.
"Injinta a baya yake," in ji shi.
"Shekara ashirin ina zaune a kan wuta
har gashin ƙwaurina ya ƙone.
Wannan ce ta maido mini da ƙafafuna.
Birki kuwa, taɓa shi kaɗan,
ta durƙusa kamar raƙumin da ya san mai shi."

Barmani, mai jan 'yar uwarta, ya tofar da yawu:
"Bel ɗaya ya tsinke mini,
kwana goma sha ɗaya ina gararamba wurin 'yan gwangwan.
Na injin markaɗe na ɗaura mata.
Yanzu in na taka totur
ji nake kamar tattasai zai fito ta salansa."

Hajja Sittana mai shayi,
da butoci biyu da kurfot da kujeru ɗaure a igiya,
kullum a bakin ƙofa take tsayawa ta auna matakala da ido:
"Wanda ya ƙera wannan ba shi da uwa,
in yana da ita, ba ta da gwiwa."
Ni ke jawo ta sama, hannunta na ƙanshin kanumfari.

Ustaz Ƙurashi na ofishin haraji
yakan shigo da guga mai yankan ƙuda,
ya fita kamar an tsamo shi daga Nilu.
Ya rubuta ƙara sau uku. A cikinta ya rubuta, a kan gwiwa.

Mu'awiya ɗan makarantar likita ya ce a bar ta da nawarta:
ƙasusuwan hannu duka ya haddace
kafin mu wuce Suk Markazi.
Ɗan Asabe mai kifi ma yana sonta,
don a nan kaɗai ba a gane warin na waye.

Ni dai ƙyasta yatsu nake, ina karɓar fam,
ina nannaɗe takardun tsakanin 'yan yatsu,
jiƙaƙƙu, masu ɗumin aljihun mutane.

Sai ranar ruwan nan na Agusta.
Titi ya zama kogi kafin la'asar,
ƙananan motoci, 'yan gata masu labule da kiɗa,
suka yi jerin gwano, ruwa har fitilu.
Tanderu ta yi tari, ta sa ƙirji.
Tagogin da ba sa buɗewa ba su bar ɗigo ya shigo ba.
Matakalar da ba ta da uwa, ruwa bai kai ta biyu ba.
Muka kwashi saba'in, ko tamanin, na daina ƙirga,
har da akuyar wani.
Hajja Sittana ta shafi ƙarfen ƙofa kamar goshin jika.
Usta bai ce uffan ba,
madubi kawai ya gyara don ya ga fuskokinsu.

Washegari rana ta fito da haƙoranta.
Ustaz Ƙurashi ya leƙo, ya goge wuya:
"Yau ma wannan tsinanniyar ce?"
Na ce ita ce.
Ya shigo, ya nemi kujerarsa ta kullum.