Sandar Mushe Nomau

A tsohuwar mangazar gyaɗa ta Bagalam,
inda ɓeraye suka gaji da jiran buhu,
mu tara muke haɗuwa bayan la'asar.

Mushe Nomau ya dawo daga ƙetare
da takardu masu baƙaƙen ɗigo
kamar tsuntsaye a kan igiyar shanya,
da siririyar sanda ta ba da umarni.
Ya ɗaga ta. Gogen Barira bai kula ba.
Algaita ta shiga inda ta ga ƙofa.

Ran nan muka yanke:
babu mai tsayawa gaba.
Labarin ma na kowa ne,
gulbin da ya cinye gonar Ɗan Tani.
Kowa ya kawo abin da ruwa ya kwashe masa.

Laure mai ɗinki ta ɗauki muryar gulbin.
Kuran ya ɗauke a tsakiyar kukanta,
ba ta tsaya ba.
Muka bi numfashinta cikin duhu,
molo, ƙwarya, har gogen bature na Mushe.

Sandar kuwa tana nan.
Da ita muke motsa sukari a shayi,
shi ma yana miƙo kofi.