Bonet Ɗin Kabon a Takasaki

Mu biyu muka sauke tsohon bonet,
ni da kawu Genzo.
Kilo sha takwas na ƙarfe,
ya yi nishi, ya ce bayansa ya riga motar tsufa.
Muka jingina shi da bango, kusa da injin wanki.

Sabon daga Nagoya ya zo cikin kwali,
baƙi wuluk, saƙar zaren kabon
tana wasa da hasken fitila.
Albashina na wata biyu,
ga shi na ɗaga shi da hannu ɗaya.

Bargo a kan gilashi.
Noti huɗu a aljihun rigata.
“Kada ki ɗaure tamau, Chizuru,
wannan ba ya lanƙwasa, tsagewa yake.”

Dama ta zauna daram.
Hagu ta ƙi.
Rata ta rage, ɗan yatsana yana shiga.
Na kwance, na matsa, na sake,
har jirgin ƙarshe ya wuce ta bayan gida.

Sai kawu ya aje sifana.
“Ba laifin bonet ba ne.
Tun daren da babanki ya daki shinge a dutsen Haruna
gaban motar nan bai koma daidai ba.
Tsohon ƙarfen, ni na buge shi da guduma
har ya koyi rufa asiri.”

Na rufe a hankali. Ƙas.
Ratar tana nan.
Ban sake taɓa notin ba.