Alli da Kananzir

Sau goma sha bakwai na tura gyara yau,
sau goma sha bakwai fitilar ta koma ja.
Kowane jira minti arba'in,
har Radosław ya rubuto daga hawa na uku:
"Bożena, layin nan na kowa ne fa."

Na dawo gida a bas ɗin ƙarshe.
Ƙanƙara ta lulluɓe Gdańsk,
injinan ɗaga kaya na bakin tasha
sun sunkuyar da wuya kamar zalɓe mai jiran kifi.

A can babana ya shekara talatin yana walda.
Bai taɓa bari teku ta faɗa masa kuskurensa ba.
Alli a wannan gefe, kananzir a wancan,
ya kifa bokiti ya zauna;
in ɗigo ya ɓullo a jikin farin,
ya kankare ya sake, ba wanda ya ji labari.

To, ni ma na jawo bututun ɗungurungum
na zuba shi a kwamfutata, kan teburin cin abinci,
cikin akwati irin na sabar kamfani:
ɗebo kaya, harhaɗa, gwada, ɗaure.
Fanka ta hau gurnani,
kyanwata Pchła ta kwanta inda zafi ke fita.
Minti huɗu. Ja.
Babban harafi ne ya zauna a kujerar ƙarami.
Minti huɗu. Ja.
Mabuɗin sirri ba ya gidana, na sassaƙa na wucin gadi.
Minti huɗu,
sai kore, kore, kore har ƙasa,
kamar fadama bayan ruwan farko.

Sha biyu ta gota na tura, ina hamma.
Ja.

Gwaji ɗaya tak, mai tambayar kwanan wata.
Agogona ya riga ya shiga Talata,
ita kuwa sabar, can a ɗakinta mai sanyi,
tana baya da awa guda, tana cin Litinin ɗinta.
Ni da ita ba wanda ya yi ƙarya.

Baba, a tudu ka gwada ɗinkin ƙarfe,
amma ba ka taɓa ce min tudu teku ne ba.

Na murɗa agogon akwatin ya bi na can,
sai ga shi ya faɗi a gabana,
faɗuwar da hannuna zai iya kaiwa.
Pchła ta buɗe ido ɗaya.
Na ɗora ruwan shayi.