Kofi na Uku

Allon filin jirgin Bole ya ce sai goma na dare.
Na duba hannuna: ɗaya saura na rana.
Awa tara kan kujerar ƙarfe,
ga hamma, ga sanyin na'ura,
ga matafiya zube kamar buhuna a sito.
Na ce wa raina, jira ba sana'a ba ne,
tashi mu ga gari.

Aka buga mini hatimi, na fito.
Iskar tudu ta mare ni a kunci,
numfashi ya gajarce kamar na hau bene.
Tariku, mai shuɗiyar tasi da ta girme ni,
ya ɗaure ƙofa da igiya, ya sumbaci gicciyen wuyansa,
ya ce motarsa ta san kowane lungu na Addis,
abu ɗaya ta ƙi koya: sauri.

Muka kutsa Markato.
Jakuna da bas suna rabon hanya,
jan barkono ya tashi ya shige mini hanci,
na yi atishawa bakwai, wata tsohuwa ta ƙirga.
Maƙera na mai da tsohon gwangwani murhu.
Wani saurayi ya wuce da katifa goma a ka,
bai gogi kowa ba, bai ce gafara ba,
ni kaɗai ke neman wuri.

Sai ruwa ya tsuge ba sallama.
Na faɗa wata rumfa, takalmi cike da laka.
Ɗanyar ciyawa shimfiɗe a ƙasa, lubban na hayaƙi,
Yeshiwork na juya 'ya'yan gahawa a kasko.
Ta koro mini ƙamshin da tafin hannu,
ta daka, ta zuba a baƙin tulu mai dogon wuya.
Ba ta ce daga ina ba,
cokali kawai ta ɗaga: gishiri ko sukari?

Kofin farko ya buɗe mini ido.
Na biyu na hannuna na ɗaga kai,
agogon bango ya ce tara da rabi!
Gabana ya yanke ya faɗi.
Na miƙe, na yi fatali da farantin gugguru,
fasfo a baki, ina laluben kuɗi,
ina kiran Tariku kamar mai gobara,
alhali ga rana can tana leƙe ta gefen hadari.

Dariya ta kwantar da Tariku kan benci.
Ya kamo hannuna, ya jera agogona da nasu:
"Mu daga fitowar rana muke fara ƙirga.
Wa ke ƙirga awa yana barci?
Naka uku da rabi, namu tara da rabi,
ranar dai ɗaya ce, baƙo. Zauna.
Ba a tashi a kofi biyu a garin nan.
Na ukun sunansa baraka,
wanda ya bar shi ya bar alheri."

Na zauna.
Na ukun ya fi sauran ruwa-ruwa,
amma shi na fi daɗewa ina kurɓa.
Yeshiwork ta nuna mini hoto a waya:
'yarta ce, tana aikin gida a Beirut, shekara huɗu ke nan.
Sau ɗaya ta taɓa zuwa Bole, ranar rakiya.
Tariku ya fassara, ya yi shiru.
Wani jirgi ya ratsa saman rumfa,
ta tsaya da tulu a hannu
tana bin ƙararsa a sarari.

Takwas na dare na koma ƙofar shiga,
laka ta bushe a takalmi, lubban ya kama rigata,
ƙullin gahawa a aljihu, an ƙi karɓar kuɗinsa.
Mutumin da na bari kan kujera yana nan yadda yake,
ya buɗe ido ɗaya, ya ce, "Ƙarfe nawa?"
Na ce, "Biyu."
Ya zabura, ya rarumi jaka.
Na ce, "Zauna, malam, akwai labari."