Baƙar Wayar Baba Barau

Ƙwai ɗaya ne a barandar Malam Dalhatu, a Gyallesu,
amma makunnansa uku:
na bakin zaure, na kusa da randa,
da na ƙofar ɗakinsa, inda hannu ke kaiwa ko da lalube.
Ka kunna a nan, wani ya kashe a can,
babu wanda ya fi wani iko.

Tun da aka yi masa aikin ido a Shika
haske ya zame masa barkono.
Duhu kuma sau biyu yana kai shi ƙasa, da buta a hannu.
Sai Zulai ta aiko da ɗan kwali daga Fatakwal:
makunni mai wayo, mai rage haske kaɗan-kaɗan
kamar ana jan lagwani,
wai har daga wayar hannu yana jin magana.

Na sauke babban makunni, na sa testa duk da haka,
don wuta ba ta san na gida ba.
Na kwance murfi uku, na tara sukurori a faifai.
Yanar gizo, garin siminti, gawar kyankyaso,
da wayoyi jajaye duka, kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya.

Sai na rarrabe mai kawo wuta da mai kai wa ƙwai,
da biyun nan 'yan aike
masu zirga-zirga daga akwati zuwa akwati,
da na tsakiya mai musanya musu hanya
kamar mai ba da hannu a PZ.
Sallau na can ƙarshen baranda yana haɗa baki biyu.
"Wannan ce?"
Shiru.
"Wannan fa?"
Mita ta yi ƙara. Na ɗaura mata farin tef.

Takardar kwali ta ce baƙon nan ba ya barci.
Ko an kashe ƙwai, shi yana lasar wuta, yana kasa kunne,
don haka sai an ba shi nutural.
Gidan da ya haura shekara talatin, wa ya kai nutural makunni?
Na dubi silin, na dubi guduma,
na fara lissafin yadda zan faɗa wa dattijo za a fasa masa bango.

Na tura yatsa can ƙuryar akwati, don kawai in cika sharaɗi.
Sai ga ta a naɗe kamar jinjirin maciji,
baƙa, ba ta haɗu da komai ba,
an lanƙwasa bakinta sau biyu,
an naɗa tef ta hagu.

Na san naɗin nan.
Baba Barau bahago ne.
Shekara bakwai na riƙe masa tsani a Sabon Gari,
yana goro, yana faɗa:
"Bar rara, yaro. Bango ya fi ka tsawon rai."
Damina tara ke nan da muka kai shi makwanci,
bai taɓa jin labarin wannan na'ura ba.

Na fere ta. Jan ƙarfen na ƙyalli kamar jiya.
Layif a gurbinsa, baƙa a nata, ta ƙwai a nata.
Sauran makunnan biyu na sauke su daga mulki:
yanzu ba sa yanke wuta,
saƙo kawai suke kaiwa.

Muka ɗaure murfi, sai Nefa ta ɗauke.
Muka zauna a tabarma, aka kawo kunun zaƙi,
la'asar ta wuce, magariba ta wuce,
har yaran layi suka kwashe da ihu, fanka ta motsa.

Malam ya ɗora babban yatsa.
Haske ya taso a hankali, kamar mai sallama,
ya kai inda ake ganin buta, ba a ganin zanen bango.
Ya ce, "To, nan."
Can sai ya ƙaru da kansa, ya sake raguwa.
Waya ta yi kuka: Zulai ce, tana dariya.
Ya ce, "Ashe huɗu ne makunnan."

Ban faɗa wa kowa ba, amma a akwatin zaure
na bar waya taƙi guda,
na lanƙwasa ta sau biyu.
Ni na dama ne. Sallau ya ga naɗin.