Rangwamen Jirgin Ikko

Ƙanina Barau ya kira daga Ikko,
muryarsa kamar guga a rijiya mai zurfi:
"Yaya, an sallamo ni daga asibiti, amma ka zo."
Zo ɗin nan kalma ce ƙarama,
sai ka kai ta tasha kake jin nauyinta.

Ni mai wankin hula ne a Fagge.
Na san girman kan kowa a layinmu,
na san wanda sanƙo ya fara yi wa sallama,
amma aljihuna bai taɓa yin ƙiba ba.
Na je Unguwa Uku tambayar mota,
kuɗin da suka faɗa, sai da na nemi benci.

Sallau mai shayi ne ya ce,
yana ɗaga kofi, ruwan na zubowa kamar igiya:
"Jirgin ƙasa mana! Har rangwame ake samu
in ka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa."
Na ce wace ƙofa?
Ya ce shi ma ji ya yi.

Na yi sammako tun ana sallame asuba.
Tagar tikiti a rufe, ƙadangare na gadinta.
Da hantsi akawu ya iso, Malam Ilu,
tabarau na lilo a karan hanci.
Na gaishe shi gaisuwar mai neman bashi,
na tambayi iyali, na tambayi gajiya,
sannan na lallaɓo da maganar ragi.
"Yaro rabin kuɗi ne," in ji shi. "Kai yaro ne?"
Na shafa furfura.
"Ko ɗalibi ne?"
Na ce kullum duniya na biya mini karatu.
Ya ce duniya ba ta ba da katin shaida.

A bakin ƙofa wani mai jar riga ya ja hannuna,
tikiti a tafinsa kamar ɗan tsako:
"Kawo rabi, Alhaji."
Ban je Makka ba, amma sunan ya yi mini daɗi.
Allah ya sa na juya takardar.
Kwanan watan na makon jiya ne,
jirginsa ya je ya dawo, har ya huce.
Araha ba ta ado.

Kwana uku ina zarya,
kuɗin adaidaita na cin rangwamen da ban samu ba.
Huluna goma sha biyu na zaune kan gwangwanaye,
masu su na yawo kai a buɗe, suna ambatona.

Ranar tafiya na zo don in ga tashinsa kawai,
in ce wa Barau na yi ƙoƙari.
Sai ga wata dattijuwa, Iya Tabawa,
zaune kan buhun busasshiyar kuɓewa,
tikiti biyu ƙulle a bakin mayafi.
Jikan da zai raka ta zazzaɓi ya kwantar.
Ta auna ni da ido tun daga silifa:
"Ba da kashi biyu cikin uku.
Amma da sharaɗi."

Sharaɗin na da fukafukai:
zabi shida cikin kwando,
a cinyata, har Ilori.

Jirgi ya yi kuka, ya yi tari, ya ja jiki.
Kano ta fara komawa baya gida-gida,
muka haye Challawa zabi na ta surutu,
Iya na gyangyaɗi a kafaɗata.
Ni kuwa lissafi nake da yatsu:
abin da ya ragu ya isa lemo da burodi,
har da madarar gwangwani don mai jinya.

Ban gama murmushi ba
na ji ɗumi ya ratsa wandona na Juma'a.
Iya ta buɗe ido ɗaya, ta duba, ta ce:
"Cikon kuɗin ke nan."